Yaro ma yana sanyin ƙashi

Jawabin kwamitin lafiya a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma



An ba mu minti 20, mu kuwa 'yan kasuwa ne, in aka sakar mana baki sai la'asar. Shi ya sa muka rubuta abin da za mu faɗa. Wadda ta ji mun tsaya a kan wata kalma ta yi haƙuri, shekara huɗu ke nan da muka fara riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, wasunmu ma bayan sun aurar da 'ya'ya.

Maganar da aka ɗora mana ita ce ciwon gaɓoɓi a jikin yara. Mun san wasu za su ce, yaro da sanyin ƙashi? Ai wannan na tsofaffi ne, na Inna da sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Mu ma haka muka ɗauka, kuma wannan ɗaukar ce ta cuce mu.

Duk mai zuwa layin 'yan wake ta san yarinyar da za mu ba da labarinta. Ba za mu kama suna ba, kuma uwarta tana nan zaune, ita ta ce a faɗa. Yarinyar tana da shekara uku abin ya fara. Yarinya mai gudu, mai ɓarna, ba ta barin kwano a inda aka ajiye shi, sai ga shi da safe ba ta son tashi. In an tashe ta sai ta ce a ɗauke ta. In an dire ta sai ta koma rarrafe kamar 'yar wata tara. Amma kafin hantsi ya dubi ludayi ta warware, tana wasa da yara kamar ba ita ba. A lokacin uwar na goyon jariri. To me muka ce? Muka ce kishin ƙani ne, shagwaɓa ce, a daina biye mata. Da bakinmu muka faɗa, muna auna wake muna dariya.

Da gwiwar hagu ta kumbura sai magana ta juya, aka ce sanyi ne. Aka tuhumi uwar, wai tana yi mata wanka da ruwan randa, wai tana barinta ta kwanta a kan siminti. Aka kai ta wajen mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya murza, yarinya ta kwana tana ihu. Aka yi tsaga. Aka yi turare, don wasu sun ce iska ce. A wani ƙaramin asibiti aka yi gwajin jini, aka ce ba sikila ba ce, aka ba da maganin maleriya aka sallame su. Daga nan wani mai kemis ya ba da ƙananan ƙwayoyin nan da muke kira sha-ka-fashe. Wallahi cikin kwana uku yarinya ta miƙe, kowa ya ce an dace. Aka yi ta saye ana ba ta wata da watanni, har fuskarta ta yi suntum, tsayinta ya tsaya, in an daina kwana biyu ciwon ya dawo fiye da da. Sai da aka kusa shekara biyu a haka kafin a kai ta babban asibiti.

Likitar da ta duba ta a can, tun kafin a ɗebi jini, tambaya uku ta yi wa uwar. Yaushe ya fara? Da safe ya fi tsanani ko da yamma? Kumburin ya kai sati shida? Da ta ji amsa ta ce wannan amosanin gaɓoɓi ne na yara. A katin asibiti haruffa uku ake rubutawa, JIA. Ƙa'idarsa ita ce yaron bai kai shekara 16 ba, gaɓa ta kumbura ko ta sage har sati shida ko fiye, kuma an bincika ba a sami wata cutar da ta kawo hakan ba.

Bayan wannan ne mu uku na kwamiti muka ce sai mun san kan abin nan. Muka bi uwar asibiti sau da dama, muka yi tambaya har muka ishi ma'aikata, Malama kuma ta taimaka mana da karatun takardun da aka ba mu. Abin da muka samo shi ne muka kawo muku.

Da farko dai ruwan sanyi ba ya kawo shi, kwanciya a ƙasa ba ta kawo shi, kuma ba a ɗaukarsa daga wani yaro. Sojojin jiki ne, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, suke juyawa su far wa fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa, sai ta kumbura ta tara ruwa. Kamar maigadin da kika ɗauka ya tsare miki rumfa, ki wayi gari shi ne ke fasa buhunan. Dalilin da ya sa suke juyawa, su kansu likitocin suna nan suna bincike. Mun faɗi wannan da gangan ne saboda uwar yarinyar ta yi shekara biyu tana jin laifinta ne, har a gidan miji ana goranta mata. Ba laifinta ba ne.

Kuma ba sabuwar cuta ba ce. Tun a 1897 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya rubuta bayanin yara 22 da ya gani da ciwon gaɓoɓi mai daɗewa, har yau akwai nau'in da ake kira da sunansa.

Yanzu ga inda abin ya fi ɗaukar hankalinmu, wato lissafi. Muka tambaya, yara nawa ne ke da shi? Adadin da aka fi ambata, wanda aka samo daga ƙasashen Turai da Amurka, shi ne kusan yaro 1 cikin 1,000. Amma da aka tattara binciken ƙasashe daban-daban sai aka ga wani wuri an ce yara 4 cikin 100,000, wani wuri kuma an ce 400 cikin 100,000. Ku duba fa, ninki ɗari. Mu da muka tsufa a kan awo, in mutum biyu suka auna buhu ɗaya, wannan ya ce mudu huɗu wancan ya ce mudu ɗari huɗu, ba buhun za mu tuhuma ba, mudun za mu ce a kawo mu gani.

Da muka bi sawu, ashe haka ɗin ne. Masu ƙaramin adadi yawanci littafin asibiti suka buɗe suka ƙirga yaran da aka kawo. Masu babban adadi kuwa su ne suka tashi suka je inda yaran suke. A ƙasar Ostireliya, a wani bincike da aka buga a 1996, an bi makarantu aka duba gaɓoɓin yara 'yan shekara 12 su sama da 2,000, ɗaya bayan ɗaya. Aka sami 9 masu cutar. Cikin 9 ɗin nan, 7 ba a taɓa gane suna da ita ba. Wannan fa a birni ne, a ƙasar da ke da asibitoci da likitoci da mota a ƙofar gida. To ina ga mu, da sai an sha jiƙo an yi tsaga an gaji kafin a nemi kuɗin Adaidaita?

Shi ya sa in kuka ji an ce wannan cutar Turawa ce, ba ta cika kama baƙar fata ba, ku tambaya wa ya zo unguwarmu ya ƙirga. Mutanen Najeriya sun haura miliyan 200, kuma yaran da ba su kai shekara 15 ba sun fi kashi 40 cikin 100, wato sun haura miliyan 80. In muka ɗauki mudun nan na 1 cikin 1,000 muka auna, yara sama da 80,000 ke nan. Wannan lissafinmu ne na 'yan kasuwa, da biro a bayan littafin bashi muka yi shi, amma ko rabinsa ne ai ba abin wasa ba ne. Likitocin da suka ƙware a kan amosanin gaɓoɓin yara kuwa a duk ƙasar nan da yatsu ake ƙirga su. Yaron da ba a kai ba, ba a rubuta shi. Wanda aka kai aka ce maleriya ce, a layin maleriya aka rubuta shi.

Su wa ya fi kamawa? In aka haɗa duka, mata sun fi maza, a ƙasashen da aka ƙirga sosai kusan mata biyu ne ga namiji ɗaya. Amma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kama gaɓa kaɗan, huɗu ko ƙasa da haka, yawanci gwiwa ko idon sawu, kuma ya fi son 'yan mata ƙanana 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Irin na yarinyarmu ke nan. Akwai mai kama gaɓa biyar ko fiye, har yatsu da wuyan hannu da muƙamuƙi, sai ki ga yarinya ta kasa riƙe fensir, ta kasa ɗaura zani, ta kasa buɗe baki sosai ta ci tuwo. Akwai na yara maza da suka ɗan tasa, mai kama dunduniya da ƙugu, daga baya ya hau baya. Sai kuma wanda ba ya zaɓen mace ko namiji, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi kullum a kusan lokaci guda, sau da yawa da yamma, ya sauka ya sake dawowa gobe, har sati biyu ko fiye, tare da wasu jajayen tabo da ke fitowa su ɓace. A fatarmu tabon ba ya nunawa sosai, don haka wannan sai a yi ta yi masa allurar maleriya da taifot har a gaji.

An kuma lura cewa a asibitocin Afirka, masu gaɓa da yawa da masu zazzaɓin nan sun fi yawa cikin waɗanda ake gani, masu gwiwa ɗaya ba su cika bayyana ba. Mu dai a namu tunanin, masu gwiwa ɗayan suna gida, suna ɗingishi, ana ce musu raggwaye.

Akwai abu ɗaya da muke roƙo ko kun manta komai kada ku manta shi, maganar ido. Wannan cutar tana iya kama cikin ido, kuma ta fi yin haka ga ƙananan 'yan matan nan masu gaɓa kaɗan. Mugun abin shi ne idon ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ruwa, yarinya ba ta kuka da shi. A hankali yake ci har gani ya ragu. Ba a ganinsa da ido haka kawai, sai likitan ido ya sa yarinya ta ɗora haɓa a kan na'ura ya haska ciki. Waɗanda suka fi shiga haɗari duk wata uku ake so a duba su, ko da gwiwar ta lafa. Yarinyarmu ranar da aka fara duba ta an tarar ya riga ya taɓa ido ɗaya. Da an kai ta da wuri, ɗigon magani ne kawai.

Gwiwar ma ba ta jira. Yaro in gaɓa na yi masa ciwo lanƙwashe ta yake yi, in ta daɗe a lanƙwashe sai ta ƙi miƙewa, naman cinya ya tsotse. Wani abin mamaki da muka ji, ƙafar da ke da kumburin tana iya fin lafiyayyar tsawo, saboda jini ya fi zuwa wurin sai ƙashin ya yi saurin girma.

To, kada kuma mu fita daga nan kowace ta ga ɗanta na ɗingishi ta ce JIA ce. A wajenmu akwai waɗanda suka fi ta yawa, wasu ma sun fi ta gaggawa. Sikila mun san ta, a Najeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Jaririn da ya kai wata shida hannuwa da ƙafafu suka kumbura yana tsala kuka, gwajin jini za a fara yi. Tarin fuka ma yana kama ƙugu da gwiwa da ƙashin baya, ba huhu kaɗai ba. In kuwa gaɓa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafar ko ya ƙi a taɓa, wannan babu maganar jiran sati shida. Yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar ta tara mugunya, cikin 'yan kwanaki take lalata ta. A rufe rumfa a tafi a ranar.

Amma wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne mai biyo bayan ciwon maƙogwaro. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon wuya, aka ba shi ruwan ɗumi da zuma, ya warke. Bayan sati biyu ko uku sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, jibi ta saɓe ciwon ya koma idon sawu, ya koma gwiwar hannu, yana yawo. Cikin 'yan makonni duk ya wuce, gaɓoɓi lafiya lau, iyaye su ce sanyi ne ya fita. Ashe ya bar ɓarna a ƙofofin zuciya. Shekaru su wuce, yarinya ta yi aure ta ɗauki ciki, sai numfashi ya gagara, ƙafafu su kumbura. Da muka ji wannan bayani sai kowacce a cikinmu ta yi shiru, don kowacce ta tuna wata. Wannan ciwon zuciya yana kashe mutum wajen 300,000 ko fiye a duniya duk shekara, kuma ya fi yawa inda yara ke kwana a cunkushe ɗaki ɗaya, kun san ba nesa muke nufi ba. Alhali maganin ciwon wuyan mai araha ne, fenisilin, wanda ya riga ya kamu kuma ana yi masa allura duk sati uku ko huɗu na tsawon shekaru don kare zuciyar.

Mu koma kan amosanin. Ba a cewa an warkar da shi kamar maleriya, amma ana danne shi yaro ya yi rayuwarsa, ya yi makaranta, wasu yaran ma yana lafawa ya daɗe bai tashi ba. Akwai maganin rage kumburi da likita zai auna daidai nauyin yaro. Akwai allurar da ake yi a cikin gaɓar kanta. Akwai wani magani mai suna methotrexate, sau ɗaya ake shan shi a sati, sau ɗaya tak, wanda ya sha shi kullum zai iya mutuwa, kuma sai ana gwada jini a kai a kai. Nan karatun da muke yi ya yi mana rana, don uwar yarinyar da hannunta take rubuta ranar magani a jikin kalanda. Akwai kuma gashin ƙashi, da motsa gaɓar kullum. Ruwan ɗumi da safe yana taimakawa wajen sagewar. Kwantar da yaro a ɗaki a ce kada ya motsa ƙara masa ciwo ne.

Game da sha-ka-fashe kuma, maganin gaske ne, likitoci ma suna ba da irinsa na ɗan lokaci da awo. Amma sayensa a kemis a yi ta ɗura wa yaro yana hana shi tsayi, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana iya kawo ciwon suga da yanar ido. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Mun san da wasunmu a nan da ke sayensa don ƙiba, ba yau ce ranar wannan maganar ba, amma tana nan tafe.

Wurin zuwa akwai. A nan Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, akwai asibitin ƙashi na Dala. Abin da ke hana mu zuwa ba rashin sanin hanya ba ne. Kuɗin mota ne, da kuɗin gwaji, da yinin da za a yi rumfa a rufe, da tsoron a je a kasa bayani. Uwar yarinyar ta gaya mana duk ranar asibiti asara biyu take yi, ta kashe na aljihu ga shi ba ta yi ciniki ba.

Don haka kwamiti ya kawo buƙata gaban taro, kuma muna so a yanke yau, kada a ce sai zama na gaba. A ware wani abu daga ribar bana a ajiye shi daban, a matsayin kuɗin mota da na gwajin farko ga duk ɗan 'yar ƙungiya da gaɓarsa ta kumbura, ko yake tashi a sage da safe, ko ciwon gaɓa ya biyo masa bayan ciwon wuya. Nawa za a ware, wannan na Hajiya ma'aji ne da ku. Ranar da uwa za ta asibiti, maƙwabciyarta a layi ta riƙe mata rumfa, kamar yadda muke yi in an yi haihuwa. Cikin mu 'yan aji kuma ɗaya za ta raka ta da biro, ta rubuta abin da likita ya ce, don sau nawa muke dawowa a tambaye mu me aka ce, mu ce wallahi Turanci ya yi ta yi.

Sai littafi. Mun sayi babba mai bango mai kauri. Za mu rubuta shekarun yaro, mace ko namiji, wace gaɓa, yaushe ya fara, da safe ko da yamma, da abin da asibiti ya ce. Ba za a sa sunan yaro a shafin da kowa ke gani ba, lamba za a ba shi, saboda mun san halin bakin mutane, musamman a kan 'ya mace da za ta yi aure wata rana. Ma'aikaciyar jinyar da ta taimaka mana ta ce in iyaye suka zo da irin wannan bayani a rubuce, rabin aikin likita ya ragu.

Kuma don Allah, yarinyar da ta ce wuyan hannunta ko gwiwarta na ciwo da safe, kafin a ɗora mata farantin talla a ce ƙyuya ce, a zaunar da ita a haɗa gwiwoyin biyu a duba. In ɗaya ta fi ɗaya, a lura da ranar.

Yarinyarmu yanzu tana aji biyu na firamare. Gwiwar ba ta miƙe duka ba, tana ɗan ɗingishi, an yi magana da malaminsu ya daina dukanta a kan makara, kuma ya dawo da ita bencin gaba saboda idon. Ranar Talata mai zuwa ce ranar duba idonta, muna neman wadda za ta riƙe wa uwarta rumfa. Littafin yana hannun sakatariya a bakin ƙofa, wadda take da yaron da za a rubuta ta tsaya bayan an ci abinci.